Wace kalma za mu sa a gurbin "conference" a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar wasanni. Akwai kalmar da ta daɗe tana tsaya mini a rai, ina so mu zauna a kanta yau ko Allah zai sa mu tsayar da magana.

A azumin 2024 abin ya faro. Ni da ƙanena muna zaune a zaure dare ya raba, mun jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, muna kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta ACC (Atlantic Coast Conference, wadda ta haɗa wasu jami'o'in Amurka) tsakanin jami'ar NC State da maƙwabciyarta jami'ar Karolina ta Arewa. Su a Washington ƙarfe takwas da rabi na dare, mu nan ɗaya da rabi. Abin da ya ja hankalinmu tun farko shi ne Mohamed Diarra, ɗan wasan NC State daga Faransa, wanda yake azumi a kwanakin gasar kuma bai fasa tsalle yana cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwando ba. NC State ta buga wasa 5 a kwana 5 a jere, ta fitar da Louisville, Syracuse, Duke, Virginia, ta ƙare da Karolina ta Arewa da ci 84 da 76. Rabonta da wannan kofi tun 1987. Aka tashi, muka ɗora ruwan sahur.

Da gari ya waye na ɗauki waya zan ba abokai labari, sai hannuna ya tsaya. NC State ta lashe gasar me? Na leƙa na ga wani ya rubuta "gasar taron ACC". Ban ga laifinsa ba, abin da ƙamus ya ba shi ke nan. Amma Bahaushe in ya ji taro, kujeru yake gani da babban baƙo da mai jawabi, a yi addu'a a watse. ACC kuwa ta haura shekara 70 ba ta watse ba.

Bari in faɗi ko mece ce, don mu san abin da muke raɗa wa suna. A watan Mayun 1953 jami'o'i 7 suka balle daga wata tsohuwar haɗaka ta kudancin Amurka mai membobi 17: Clemson, Duke, Maryland, Karolina ta Arewa, NC State, Karolina ta Kudu da Wake Forest. Cikin abubuwan da suka ɓata musu rai har da hana makarantu buga manyan wasannin ƙarshen kaka na ƙwallon zari-ka-ruga irin ta Amurka. Suka kafa tasu a kusa da Greensboro, Virginia ta shigo a ƙarshen shekarar ta cike ta 8. Ba wanda ya jefa ƙuri'a ya haɗa su. Su suka zaɓi juna, suka rubuta dokokinsu, suke tsara wa kansu jadawali a wasanni iri-iri na maza da mata, daga baya kuma suka riƙa raba kuɗin talabijin a tsakaninsu. Wanda ransa ya ɓaci yana iya tafiya: Karolina ta Kudu ta fice a 1971, Maryland ta fice a 2014.

To, ga abin da na fara samu daga wajenku.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira ta "rukuni". Yaya, na san inda ka ɗauko, daga gasar kofin duniya da ta zakarun Turai a tsarinta na da, rukunin A, rukunin B. Amma ka duba yadda ake yin rukuni: a zuba sunaye a kwano a zaro, bayan 'yan wasanni ya watse, baɗi a sake zarowa. Duke da Karolina ta Arewa tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu a mota, kuma suna gida ɗaya tun 1953. Ba kwano ne ya haɗa su ba. In muka ce rukuni, mai karatu zai zaci matakin farko ne na wata gasa, alhali ita kanta hukuma ce mai ofishi da shugaba.

Wata 'yar'uwa ta kawo "shiyya". Hajiya, da shekara 30 baya kika faɗa, da ni ma na bi bayanki, don sunan kansa yana nufin gaɓar Tekun Atlantika ne, kuma makarantun na can ne duka. Amma a 2024 Stanford da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka shigo, su kuwa a bakin Tekun Fasifik suke, ɗaya gefen ƙasar gaba ɗaya, tare da SMU ta Dallas. Membobi suka kai 18. Louisville da Notre Dame ma ba su ga teku ba. Kuɗin talabijin ya riga ya cinye taswira. Shiyya ta dace da NBA mai gabas da yamma, nan kam ba ta zauna ba.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne malamin da ya ce me ya hana mu ce "lig" kawai, tunda kalmar ta riga ta shiga bakin kowa. Allah gafarta Malam, maganarka tana da ƙarfi, kuma su kansu Amurkawan suna kiranta haka a hira. Abin da ya hana ni karɓa shi ne abin da lig take ɗauke da shi a kan Bahaushe. Mu a wajenmu lig ita ce Firimiya da La Liga: wanda ya ƙare a saman teburi shi ne zakara, na ƙasa su faɗa. A nan ba wanda yake faɗawa ko da bai ci wasa ko ɗaya ba, kuma na saman teburi ba shi ne zakara ba. A kan wannan na biyun nake so in daɗe, don duk tarihin gasar a kansa ya ginu.

Tun 1954 ACC take rufe kakarta da gasar sili ɗaya ƙwale ta 'yan kwanaki a watan Maris. Ta farko an yi ta a ɗakin wasa na Reynolds da ke Raleigh, NC State ta koci Everett Case ta doke Wake Forest 82 da 80 bayan ƙarin lokaci, ta kuma maimaita a 1955 da 1956. A Reynolds aka ci gaba da yi har 1966. A wancan zamani NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiya ɗaya tak take karɓa daga kowace haɗaka zuwa gasar ƙasa. Da yawa suna tura wadda ta fi nasara a kaka. ACC ta ce ita wanda ya ci gasar Maris za ta tura, kuma shi ne zakaranta. Wato ka yi wata uku kana lallasa kowa, dare ɗaya hannunka ya ƙi, shi ke nan.

Haka ta faru da Karolina ta Kudu a 1970. Ta ci wasanninta 14 duka a cikin ACC, ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba. Gwaninta John Roche ya gurɗe a wasan kusa da na ƙarshe, ya shiga na ƙarshe da ciwo, NC State ta ja wasan a hankali ta ci 42 da 39 bayan ƙarin lokaci har sau biyu. Ƙungiyar da ba a doke ta ba a cikin ACC duk kaka ta koma gida. In da lig ce irin wadda muka sani, da tuni an miƙa mata kofi.

Sai 1974, wasan da har yau in ana lissafin manyan wasannin jami'o'i ba a tsallake shi. A Greensboro, NC State mai David Thompson da Tom Burleson, ta ɗaya a ƙasar, ta haɗu da Maryland mai Len Elmore da Tom McMillen da John Lucas, wadda ita ma tana cikin biyar na sama. Gurbi ɗaya, manya biyu. Aka tashi 103 da 100 bayan ƙarin lokaci, Burleson shi kaɗai ya zuba maki 38. NC State ta wuce ta kawo ƙarshen mulkin jami'ar UCLA na shekara 7 a jere a gasar ƙasa, ta ɗauki kofin ƙasa. Maryland kuwa an gayyace ta ƙaramar gasa ta ce ba ta so. Shekarar da ta biyo, 1975, NCAA ta faɗaɗa gasarta daga ƙungiyoyi 25 zuwa 32, ta yarda haɗaka ɗaya ta tura biyu. Na kalli tsohon hoton wasan nan, duk da dishi-dishinsa kana ganin yadda 'yan Maryland suka tsaya cak da aka busa tashi. Abin yana taɓa ni har yanzu.

Wannan tsoron faɗuwa a dare ɗaya ya haifi wani abu kuma: riƙe ƙwallo. A 1968 NC State ta doke Duke 12 da 10, wasa cikakke na minti 40. A wasan ƙarshe na 1982 Karolina ta Arewa, lokacin Michael Jordan yana shekarar farko, ta riƙe ƙwallo mintuna da dama a gaban Virginia ta Ralph Sampson ta ci 47 da 45. Bayan ƴan shekaru NCAA ta kafa agogon da ke tilasta a jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 45. Wannan ni "agogon jifa" nake ce masa, ban ji wanda ya yi gardama ba.

Mu ma muna da ɗan rabo a tarihin. A 1983 NC State ta Jim Valvano sai da ta ci gasar ACC kafin gurbinta ya tabbata, ta tafi har wasan ƙarshe na ƙasa ta doke Houston 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. Dogon da ke tsaron kwandon Houston a daren shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, kuma shi aka ba kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ce ta sha kashi.

To, ni abin da na tsaya a kai shi ne "gamayya". Kalma ce da muke da ita a baki: gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago, gamayyar ƙungiyoyin farar hula. Kowa ya ji ta ya san masu zaman kansu ne suka haɗa kai da yardarsu, kowa yana riƙe da sunansa, ana shiga ana fita. Abin da ya faru a 1953 ke nan, da 1971, da 2024. Na auna "haɗaka", har kun ga na yi ta amfani da ita a sama, amma a kunnena ta fi karkata ga jam'iyyun siyasa a gab da zaɓe, abin da ba ya daɗewa. "Ƙawance" kuma na ƙasashe ne da sojoji. "Tarayya" gwamnati ta riga ta riƙe.

In an yarda da gamayya, sauran suna biyowa da kansu. Gasar Maris ta zama "gasar gamayya", in ana son bayani a ƙara "ta sili ɗaya ƙwale". Wanda ya ƙare a saman teburi "zakaran kaka", wanda ya ɗaga kofi "zakaran gamayya". Wannan rabuwa tana da amfani: a 2020 korona ta tsayar da gasar ana tsakiyar yi, aka miƙa kofin ga Florida State saboda ita ce zakarar kaka. Gurbin da zakaran gamayya yake samu a gasar ƙasa "gurbin kai tsaye", wanda kwamiti yake zaɓa ya bayar "gurbin gayyata". A 2024 cikin ƙungiyoyi 68, 32 na kai tsaye ne, 36 na gayyata.

Ga jimlar da ta gagare ni a safiyar nan ta azumi, ku gwada ta a bakinku: NC State, wadda ta ƙare kaka a matsayi na 10, ta lashe gasar gamayyar ACC, ta samu gurbin kai tsaye zuwa gasar ƙasa.

Saura guda da ban gamsu da ita ba. Lambar da ake liƙa wa kowace ƙungiya kafin gasa, wadda ke nuna wa za ta fara karawa da shi, Turawa suna kiranta "seed". "Iri" ba ta shiga ko kaɗan. Na sa "matsayi" a sama don ban sami wadda ta fi ta ba, amma matsayi a teburi da wannan lamba ba kullum suke zama ɗaya ba, musamman a gasar ƙasa inda kwamiti ne yake rabawa. Masu sharhin dambe da kokawa, me kuke cewa idan ana jera 'yan wasa don kada manya su haɗu tun a zagayen farko?