Shin madatsar Habasha ce ta jawo wa Masar ƙarancin ruwa?

Ɗalibi a Alƙahira: Assalamu alaikum. Abin da na tsaya a kansa shi ne, madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu, babban reshen kogin Nilu, ita ce ta jefa Masar cikin ƙuncin ruwa. Kusan duk ruwan da ƙasar nan take rayuwa da shi daga wajen iyakarta yake shigowa, kuma wajen kashi 85 cikin 100 na abin da ke isa Aswan a kudancin Masar daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Wanda ya gina tafki mai cin kubik mita biliyan 74 a kan wannan hanya, ai ya riƙe wa mutum fiye da miliyan 100 maƙogwaro.

Malamin labarin ƙasa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fargabarka tana da tushe, amma lissafi bai goyi bayanka ba. Yarjejeniyar da Masar da Sudan suka ƙulla a 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan kuma biliyan 18.5. A lokacin Misirawa ba su wuce miliyan 26 ba, wato kowane mutum yana da sama da kubik mita 2,000. Kason bai ƙaru da ko ɗigo ba, jama'a kuwa sun haura miliyan 100 tun 2020, saboda haka rabon kowa ya dawo ɗari biyar da 'yan kai. Domin a gane, kubik mita ɗaya jarka 40 ce irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura, kuma wannan rabo ba na sha da wanka kaɗai ba ne, a cikinsa gona da masana'anta suke. Ma'aunin da masaniyar ruwa 'yar Suwidin, Malin Falkenmark, ta fitar ya ce ƙasar da rabon mutum ɗaya ya gaza 1,000 ta shiga ƙaranci. Masar ta faɗa ƙasa da wannan mizani tun wajen farkon shekarun 1990, alhali ba a aza harsashin madatsar ba sai 2011, ba a kuma fara tara ruwa a cikinta ba sai Yulin 2020.

Ɗalibi a Alƙahira: Malam, na karɓi alƙalumanka, sai dai ka yi maganar jiya, ni kuwa gobe nake tsoro. An yi dace an cika tafkin a shekarun da damina ta yi kyau. Idan fari irin na shekarun 1980 ya dawo, lokacin da tafkin Nasir, ma'ajiyar ruwan Masar a bayan madatsar Aswan, ya ja baya ƙwarai har sai da ambaliyar 1988 ta ceto shi, wa zai tilasta wa Habasha ta saki ruwa, tunda har aka ƙaddamar da madatsar a Satumban 2025 ba a sa hannu kan wata yarjejeniya mai ɗaure kowa ba?

Injiniyar ban ruwa daga Kano: Ku ba ni dama in shiga tsakani. Ƙanena, madatsar wutar lantarki ba ta shan ruwa, dole ta sake shi ya bi ta injina kafin ta samu wuta, don haka riƙe shi har abada asara ce ga Habasha kanta. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke ɓacewa a cikin Masar kanta. Tafkin Nasir yana tsakiyar hamada, rana tana ɗauke masa kusan kubik mita biliyan 10 duk shekara. Noma yana cinye wajen kashi huɗu cikin biyar na ruwan ƙasar, kuma har yau manoma da yawa malale gona suke yi gaba ɗaya. Gwamnatin Masar ta san da haka, shi ya sa ta taƙaita noman shinkafa a 2018, ta kuma buɗe matatar Bahrul Baƙar a 2021 domin a sake amfani da ruwan da ya fito daga gonaki. Ko alkamar da take sayowa daga Rasha da Yukren, a gaskiya ruwa ne take sayowa a cikin buhu, domin ba ta da wanda za ta noma ta da shi.

Manomi daga Mai Wurno, Sudan: Hajiya, kun yi ta ambaton Masar da Habasha, mu da ke tsakiya kun tsallake mu. Garinmu yana bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda kakanninmu suka sauka bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a Arewacin Nijeriya. A da, idan kogi ya cika ya janye, yakan bar mana laka baƙa mai taushi wadda ƙafa ke nutsewa a ciki har idon sawu, mu shuka kuɓewa da albasa ba tare da taki ba, masu yin bulo kuma su ɗebi nasu. Yanzu ruwan yana zuwa garai-garai, lakar ta kwanta a bayan madatsa. Idan aka raba kubik mita da yawan jama'a za a ce rabona bai ragu ba, amma gonata ta san abin da ta rasa.

Malamin labarin ƙasa daga Zariya: Baba, ka kawo abin da alƙalamin rabon mutum ɗaya ba ya iya nunawa, wato lokacin zuwan ruwa da abin da yake ɗauke da shi, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Duk da haka ina nan kan bakana game da tambayar da aka fara da ita: faɗuwa daga 2,000 zuwa ɗari biyar da 'yan kai yawan jama'a ne ya kawo ta, kuma ko da za a rushe madatsar gobe, kason 1959 ne dai za a ci gaba da rabawa.

Ɗalibi a Alƙahira: Malam, na janye cewa ita ce sanadi. Abin da ban janye ba shi ne buƙatar rubutacciyar ƙa'ida kan adadin ruwan da za a riƙa saki a shekarar fari, wadda Masar da Sudan da Habasha za su sa wa hannu tun kafin farin ya zo.