Neman kalmar Hausa: me za mu kira hifnosis, me kuma za mu kira terafi?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu hidimar harshe. Mako biyu ke nan da na kawo cigiyar fassarar waɗannan kalmomi biyu na Turanci, hifnosis da terafi, kuma na karanta amsoshinku daga nan Gusau, da Ƙauran Namoda, da Talatar Mafara, har da Argungu da Birnin Kebbi. Allah Ya saka da alheri. Yau zan faɗi inda na tsaya tare da dalilaina, domin wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Tushen cigiyar kuskure ne da ni kaina na tafka. Ina cikin masu gabatar da wani shirin lafiya a rediyo, kuma ranar da baƙonmu, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya ambaci hifnosis cikin hanyoyin rage raɗaɗi da fargaba, sai na yi caraf na fassara wa masu saurare da cewa “sa mutum barci don a yi masa magani”. Ba a rufe shirin ba sai da wani dattijo ya bugo waya, muryarsa na rawa, ya ce: “Malam, ashe abin nan da 'yan damfara ke yi wa mutane a tasha, su dafa kafaɗarka ka miƙa musu kuɗinka da hannunka, shi ne yanzu kuka kai asibiti?” Likitan ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ba haka ba ne,” ya kuma yi bayani iyakar iyawarsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na kwana ina juya maganar dattijon nan, domin ban san mutum nawa na kora daga ƙofar likita da kalma ɗaya ba.

Mafi yawan kalmomin da kuka kawo daga gida ɗaya suka fito: rufa-ido, asiri, sihiri, shanyewa, mallaka. Na fahimci dalili. Jaridun Turanci na ƙasar nan sun saba amfani da kalmar hifnosis idan suna ba da labarin wanda aka yi wa damfara ko aka sace, mu kuma masu fassara muka bi sawunsu. Sai dai duk waɗannan kalmomi suna ɗauke da ma'ana guda, wato wani ya ƙwace ikon wani ta ɓoyayyiyar hanya ba da yardarsa ba, alhali abin da likitoci ke yi ba ya ko kankama sai mutum ya yarda, ya zauna, ya ba da haɗin kai. Rufa-ido kuwa wayon hannu ne na mai wasa a kasuwa, bai shafi jinya ba ko kaɗan.

Zancen barci shi ya fi ba ni wahalar saki, domin kuskuren yana cikin kalmar tun daga tushe. Wani likita Bajamushe, Faranz Mesma, ya shahara a birnin Faris bayan 1778 da da'awar cewa akwai wani ƙarfi mai kama da maganaɗisu da ke gudana a jikin ɗan Adam, kuma shi yana iya sarrafa shi ya warkar da cuta. A 1784 Sarkin Faransa Luwi na 16 ya naɗa kwamitin masana, cikinsu har da Benjamin Faranklin na Amurka, suka rufe wa mutane idanu suka gwada, suka iske babu wani maganaɗisu, abin da ke aiki shi ne zaton mutum da abin da ya sa a ransa. Daga baya wani likitan fiɗa da ke aiki a Manchesta ta Ingila, Jems Bireid, ya binciki al'amarin daga 1841, ya kuma yaɗa sunan da aka ciro daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Da ya zurfafa bincike sai ya gane mutanen nan ba barci suke yi ba, ya yi ƙoƙarin sauya sunan da wani mai nufin tattara hankali a kan abu ɗaya, amma na farkon ya riga ya bi gari. Wani malamin Larabci daga Gummi ya ba da shawarar mu ari “tanwimi”, daga abin da Larabawa ke kira tanwim magnaɗisi. Allah Ya gafarta Malam, wannan suna ya haɗa kura-kuran biyu a wuri ɗaya, barcin da maganaɗisun, kuma tun da mu yanzu muke raɗin suna, bai kamata mu gaji abin da mai sunan da kansa ya yi nadamarsa ba.

To, mene ne abin a zahiri? Ku dubi mace mai ɗinkin hula a tsakar gida da yamma. Idonta na kan allura, tana ƙirga zare, yaro ya kira ta sau uku ba ta ji ba, tukunya ta tafasa har ta zubo ba ta lura ba. Idonta biyu, hankalinta bai gushe ba, ya dai taru ne wuri ɗaya har sauran duniya ta yi nisa, kuma da za a yi ihun gobara da nan take ta miƙe. Irin wannan hali ne ƙwararre ke kai mutum gare shi da gangan, ta hanyar magana a hankali da daidaita numfashi da sa shi ya zuba wa abu ɗaya ido ko ya surantar da wani wuri a zuciyarsa. Idan hankali ya taru, sai ya riƙa jefa masa wasu kalamai, misali cewa hannunsa na yin sanyi ko zafin cikinsa na raguwa, mutum kuwa a wannan hali ya fi saurin karɓar irin wannan. Na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa tana nuna cewa yanayin ya bambanta da na mai barci. Mutum na jin abin da ake faɗa, yawanci yana tuna shi daga baya, yana iya ƙin abin da ya saɓa wa ransa, yana iya buɗe ido ya tashi, kuma babu wanda ke maƙalewa a ciki ya kasa dawowa.

Saboda haka na tsaya a kan “zurfafa natsuwa”. Aikin shi ne zurfafa natsuwa, halin da mutum ke shiga shi ne zurfin natsuwa, idan kuma don magani aka yi sai a ce jinyar zurfafa natsuwa. Abin da ya ja ni ga natsuwa shi ne ta haɗa abu biyu da ake bukata: kwanciyar jiki da tattara hankali. Idan uwa ta ce wa ɗanta “ka natsu ka saurare ni”, ba barci ta aike shi ba, kuma shi ne zai natsu da kansa, ba wanda zai natsu a madadinsa. Wannan kaɗai ya rushe zaton cewa iko na hannun likita. Su kuma kalaman da ake jefa wa mutum, ina ganin “ɗarsawa” ta dace da su, daga yadda muke cewa abu ya ɗarsu a zuciya, domin abin da aka ɗarsa maka kana iya ɗauka kana iya bari, saɓanin umarni. Wani ɗan'uwa ya kawo “kushu'i”, na gode masa, amma kalmar ibada ce, gara a bar ta a wurinta. Akwai malaman da suka yi fatawar haramci bayan an siffanta musu abin da cewa amfani ne da aljani. Hukunci nasu ne, namu shi ne mu kai musu suna da siffa na gaskiya su yi hukunci a kai.

Sunan kirki kada ya sa mu zuzuta abin fiye da ƙimarsa. Mutane sun bambanta wajen karɓarsa: ma'aunin da aka tsara a Jami'ar Istanfod ta Amurka a 1959 da binciken da ya biyo baya sun nuna kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke shiga da zurfi sosai, wasu kuma kusan ba ya yi musu komai. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfaninsa a 1955, ta Amurka a 1958, kuma inda ya fi nuna tasiri shi ne rage raɗaɗi da fargaba da wani nau'in ciwon hanji mai yawan murɗa da kumburin ciki. Ba ya maye gurbin maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali. Mafi haɗari kuma shi ne zaton cewa yana tono gaskiya ko dawo da abin da aka manta daidai yadda ya faru. Mutum na iya yin ƙarya a cikinsa, yana ma iya “tuno” abin da bai taɓa faruwa ba ya kuma rantse a kai.

Kalma ta biyu, wato terafi, ta fi sauƙi, amma ta fi shafarmu. Na taɓa raka wata gwaggona asibiti, wadda tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ba ta ƙara cikakken barci ba, ƙarar babur kaɗai na sa jikinta ɓari. Da aka ce ta riƙa zuwa duk mako ana tattaunawa, sai ta juyo ta ce mini, “Ɗan nan, hira muka zo yi? Ina allurar?” Da na ce mata nasiha za a yi mata, da ta ce tana da limami, da na ce shawara, da ta ce tana da ƙanne. Shi ya sa ban karɓi nasiha, shawara, lallashi ko ban-baki ba, domin duk ba su nuna cewa aiki ne na wanda ya yi karatunsa, mai tsari da iyaka da riƙon sirri. Tushen kalmar terafi a Girkanci hidima ce da kula da marar lafiya, wato daidai abin da muke kira jinya, ko jiyya a bakin wasunmu. Don haka na zaɓi “jinyar tattaunawa”. Jinyar zuciya za ta kai hankali ga hawan jini, jinyar ƙwaƙwalwa kuma da an faɗe ta sai mutum ya ji kamar an ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Kware, alhali yawancin masu bukatarta mutane ne masu cikakken hankali da baƙin ciki ko firgici ko rashi ya danne. Irin wadda wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aron Bek, ya tsara a shekarun 1960, mai koya wa mutum gane tunanin da ke rura damuwarsa da yadda zai sauya shi, zamanta ba ya wuce awa ɗaya kuma sau da yawa ana kammalawa cikin zama 20 ko ƙasa da haka. Wani lokaci ana haɗa ta da ƙwayoyi, waɗanda likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubuta su. Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, waɗannan kalmomi za su ƙara yawa a bakin ma'aikatan lafiya, kuma da Hausa za a faɗa wa irin gwaggona su.

A shirin mako mai zuwa zan nemi afuwar masu saurare, in kuma ce: “Zurfafa natsuwa dabara ce guda cikin dabarun jinyar tattaunawa, ana yin ta da yardar mutum, idonsa biyu.” Abin da ya rage ban yanke ba shi ne rubutu, natsuwa ko nutsuwa, domin na ga mun rabu biyu a amsoshinku, kuma ina tsoron kada nutsuwa ta kai kunnen mutanen bakin gulbi ga nutsewa. 'Yan'uwa na Argungu da Yawuri, a nan ku nake saurare.