Macijin bayan bokiti: karait ne ko na kyarkeci?

Bakanon Mangalor: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku duba hoton nan. Yanzu na shiga banɗaki zan yi alwalar isha'i na same shi ya naɗe a bayan bokiti. Bai kai tsawon hannuna ba, baƙi-baƙi ne mai sheƙi, da ratsi mai ruwan ɗorawa a gadon baya. Maigadinmu ya ce karait ne, macijin nan mai mugun dafi na nan Indiya, a kashe. Ba'indiyen da muke ɗaki ɗaya ya ce macijin kyarkeci ne, ba shi da dafi, har yana neman ɗauka da hannu. Wa zan bi? Na dai ja ƙofa na toshe ƙasanta da tawul.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Bakano ne fa, kafin gari ya waye ya yanka wa macijin kuɗin haya.

Yaya Babba: Kai Bazazzagi, ba lokacin wasa ba ne. Ƙanina, ka hana yaron nan taɓa shi. Ko ma mene ne, kada kowa ya sa hannu.

Likitan Gobe: Hoton ya yi duhu. Ka haska da tocila daga bakin ƙofa ka ƙara ɗauka, amma kada ka matsa kusa.

Ɗan Gusau a Haidarabad: Ni dai duk wanda ya ce min "ba shi da dafi" daga kallon launi kawai, na daina jin maganarsa. Waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san abin da ya sami ɗan wana lokacin da muke zaune a bayan gari. Zafi ya dame shi ya sauko ƙasa ya shimfiɗa tabarma. Cikin dare ya ji kamar abu ya tsikare shi a yatsa, muka kunna fitila muka ga ɗan maciji baƙi mai farin ratsi yana shigewa ƙarƙashin akwati. Maƙwabta suka taru, wani dattijo ya leƙa ya ce irin mai cin tsaka ne, kullum suna ganinsa, a kwanta kawai. Wurin bai kumbura ba, ba jini, ba zafi, sai muka yarda.

Da asuba ya tashi da ciwon ciki. Muka je wani ƙaramin asibiti a unguwa, muka ce maciji ya sare shi, mutumin ya duba yatsa bai ga komai ba ya ba mu maganin olsa. Kafin mu iso gida idanunsa sun fara rufewa da kansu, yana ɗaga gira yana ƙoƙarin ganina, yawu ya gagare shi haɗiyewa. Wallahi a motar da muka ɗauka zuwa babban asibiti na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyarsa. Sai da aka sa masa na'urar numfashi aka yi ta ɗura masa allurar maganin dafi, Allah ya sa da sauran kwana. Karait ne. Haka sararsa take, ba ta kumburi ba ta zafi, jijiya take kashewa. Don haka shawarata guda biyu ce: kada a kwana a ƙasa a damina, in ya zama dole a sa gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kuma duk baƙin maciji mai ratsi da ya sari mutum, a wuce babban asibiti kai tsaye, a yi musun sunansa daga baya.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya ƙara masa lafiya. Mu ma yara a ƙasa suke kwana in wuta ta ɗauke, daga yau an daina.

Bakanon Mangalor: Ga sabon hoto. Ya ɗan miƙe, yanzu yana hawa bango ta wajen famfo.

Anti Mai Dabbobi: Yauwa, wannan ya fito. Ƙanina, abin da nake gani na kyarkeci ne, jinsin Lycodon, amma bari in faɗi dalili don kowa ya koya.

Dubi kansa. Faffaɗa ne, a baje, ya fi wuya faɗi sosai, kana ganin inda wuyan ya tsuke. Kan karait kusan ɗaya yake da wuya. Sannan ratsin naka tun daga ƙeya ya fara, ya fi fitowa a gaba, yana dusashewa wajen wutsiya. A babban karait akasin haka ne: gaban jiki sau da yawa baƙi ne wuluk ko ɗige-ɗige, siraran fararen layuka, galibi biyu-biyu, sai can baya suke fitowa sosai. Hawan bangon ma halin na kyarkeci ne, tsaka yake bi.

Amma alamar da ta fi duka ita ce ɓawon tsakiyar gadon baya. A karait akwai jeri guda daga wuya har wutsiya wanda ɓawonsa ya fi na gefe girma, mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Ka buɗe hotonka ka duba, duk ɓawon bayan girmansu ɗaya. Masu ƙirge suna samun jeri 17 a tsakiyar jikin irin naka, karait kuwa 15.

Ɗan Gusau a Haidarabad: Anti, na dattijon nan ma ratsinsa har gaba yake.

Anti Mai Dabbobi: Gaskiyarka, ƙaramin karait ratsinsa kan fito har kusa da kai. Shi ya sa ban tsaya a kan ratsi ba. Kuma akwai na kyarkecin da ba shi da ratsi ko ɗaya. Launi shi ne shaidar da ta fi rauni a wannan sha'ani.

Bazazzagi: Wato sai na kwanta na ƙirga ɓawo 17 kafin in gudu?

Likitan Gobe: Waya za ta ƙirga maka, ka ɗauka daga nesa ka buɗe hoton. Ni a wajenmu an koya mana a duba ƙasan wutsiya in an kawo gawar macijin: na karait jeri ɗaya ne, na kyarkeci a rabe biyu.

Anti Mai Dabbobi: Haka ne ga yawancinsu, amma a yankin da yake zaune wannan ƙa'idar tana iya yaudara. Mangalor a gindin tsaunukan yammacin Indiya take, can akwai iri biyu masu kama. Na farko Lycodon aulicus, wanda ake samu a gidaje kusan ko'ina a ƙasar nan. Shi ruwan ƙasa ne mai sheƙi, ratsinsa fari ko ruwan madara, yana buɗewa a gefe. Na biyu Lycodon travancoricus, ya fi duhu, kusan baƙi, ratsinsa ruwan ɗorawa kuma yana rabuwa biyu in ya sauko gefen ciki. To shi wannan na biyun, ɓawon ƙasan wutsiyarsa wani lokaci ba a rabe yake ba, sai mutum ya rantse karait ne.

Masu bincike ga yadda suke raba su: akwai ɗan ɓawo a kumatu tsakanin ido da hanci. A aulicus yana miƙewa ya taɓa ɓawon saman hanci, a travancoricus yawanci ba ya kaiwa. Ɓawon da ke rufe mafitar kashi kuma a aulicus rabe yake biyu, a ɗayan guda ne. Karait ma ba shi da wancan ɗan ɓawon kumatun sam. Daga launin hotonka na fi karkata ga travancoricus.

Malam na Bangalor: Anti a gafarce ni, ni aulicus nake gani. Hasken tocila ne ya mai da ratsin ɗorawa. Nan gidanmu mun sha ganin masu duhu haka, kuma duk aulicus aka ce mana.

Anti Mai Dabbobi: Mai yiwuwa ne Malam, amma dubi ratsi na uku da na huɗu a gefe, ba ka ga sun yi reshe ba?

Malam na Bangalor: Inuwar famfo ce.

Ɗan Maraɗi a Pune: Mu nan akwai wani ɗan ƙarami, Lycodon striatus. Bai cika kai rabin mita ba, bakinsa bai baje kamar na aulicus ba, leɓensa fari tas. Ɓawon leɓen sama 8 ne, na aulicus 9. Mai kama macizan da ya zo gidanmu ne ya nuna mana a cikin roba mai haske.

Bazazzagi: Allah sarki, har leɓen maciji ake ƙirgawa a Maraɗi.

Ɗan Maraɗi a Pune: Ku ai suna kuka tara, mu aiki.

Ɗan Maleshiya: Ku yi haƙuri in sa baki. Wanda ke zuwa nan kada ya ɗauko ƙa'idar Indiya gaba ɗaya. Namu na gida Lycodon capucinus ne, farin wuya gare shi a ƙeya, jikin kuma ba ratsi sosai ba, zane ne a cakuɗe kamar raga. Mai rikita mutane a nan Lycodon subcinctus ne, yana ƙarami baƙi da fari manya-manya, sak karait ɗin Maleshiya. Jerin manyan ɓawon gadon bayan ne dai yake raba su a nan ma.

Ustaz: Kafin a kashe, a tuna akwai magana a kan macizan gida, ana yi musu gargaɗi.

Yaya Babba: Ustaz, babu ma mai kashewa. Dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta haɗa da macizai, kuma mu baƙi ne, kada mu janyo wa kanmu magana. Ƙanina, ka sa mai gidan ko maigadi ya kira masu kama maciji, ko ofishin gandun daji na yankinku. 'Yan Kerala ku kuna da manhajar SARPA ta kiran masu kama maciji, ku sauke ta tun kafin buƙata ta taso.

Maman Biyu: Ni kananzir da tafarnuwa nake zubawa a bakin ƙofa.

Likitan Gobe: Hajiya, ba ya hana su. Toshe ƙasan ƙofa, sa raga a bakin magudanar banɗaki, kwashe kwalaye da tarkace. Inda tsaka da ɓera suka yi yawa nan suke zuwa. Kuma in an yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe, a hana gaɓar motsi, a kira lambar gaggawa 108 ko 112. Allurar da ke asibitocin nan tana aiki a kan manyan huɗu: karait, gamsheƙar Indiya, da kububuwa iri biyu. Binciken da ya fito a 2020 ya ƙiyasta mutum kusan 58,000 ke mutuwa da sarar maciji a ƙasar nan duk shekara.

'Yar Kaltungo: Tunda an zo nan, don Allah kada wanda ya sayi allurar Indiya ya kai gida da sunan taimako. Ba ta yi wa kububuwarmu aiki yadda ya kamata. A asibitin macizai na garinmu allurar EchiTAb ake nema.

Anti Mai Dabbobi: Kin kyauta da kika faɗa. Kuma a gida ma muna da namu masu wannan suna, jinsin Lycophidion, ƙanana baƙaƙe marasa dafi, kodayake ba dangin na nan ba ne na kusa. Abokin kamarsu mai haɗari shi ne Atractaspis, ɗan baƙi mai ƙananan ido, ba wuya, wutsiya gajera mai tsini. Ko ta ƙeya ka riƙe shi, haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa ya soki yatsa.

Bakanon Mangalor: Alhamdulillah, mai kamawa ya zo ya sa shi a jaka. Ya ce na kyarkeci ne, ba karait ba. Ɗan ɗakin nawa dai bai ji magana ba, kafin mutumin ya iso ya kai hannu, macijin ya cije shi a babban yatsa har jini ya fito.

Likitan Gobe: Haƙoransu na gaba dogaye ne, suna cizo sosai. A wanke da sabulu, kuma ku je asibiti yanzu a duba shi a yi masa allurar tetanus. Ku tafi da hotunan.

Ɗan Gusau a Haidarabad: Babban asibiti fa, kuma kada ku bar shi ya kwana shi kaɗai.

Malam na Bangalor: Ka tambayi mai kamawar aulicus ne ko ɗayan?

Bakanon Mangalor: Na tambaya, ya ce shi dai ya san ba karait ba ne. Muna hanyar asibiti.

Anti Mai Dabbobi: In ka natsu ka ɗora hotunan a manhajar gano halittu ta iNaturalist da sunan garin, masana yankin za su duba. Malam, sai mu jira su.

Maman Biyu: Wai ragar magudanar nan a wane irin shago ake samunta, kuma me zan ce musu da Hindi?