Karatu ta waya: wa ya taɓa yi, yaya ta kaya?

Mai buɗe zance, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina aikin gwamnati da difloma, an ce ƙarin girma sai da digiri. Ajiye aiki ba zai yiwu ba, ga iyali. Wanda ya taɓa karatu ta intanet ya faɗa min gaskiyar abin.

Uwar 'yan biyu, Zariya: Wa alaikumus salam Yaya. Ni a NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, na yi digirina, da goyo a bayana. Littattafan kwas a waya nake saukewa, TMA ma, wato aikin gida da ake ba maki, daga ɗaki nake yi, jarrabawa kaɗai ke kai ni cibiyar karatu. Amma fa babu malamin da zai tsaya a kanka. Zangon farko na yi sake har saura sati 2 jarrabawa, na sha baƙar wuya. Abin da ya cece ni zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Akwai wata baiwar Allah da ke naɗar bayanin darasi da muryarta, da Hausa, sai in sa a kunne ina tuƙa tuwo. Rabin digirina nata ne, wallahi.

Malamin jami'a: Mu korona ce ta tura mu koyarwa ta intanet a 2020, ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a kai. Da aka dawo na gwada Zoom da aji mai mutum fiye da 100. Waɗanda suka shigo ba su kai 30 ba: wannan data ta ƙare, wancan ba wuta tun jiya. Na koma tura gajerun bidiyo, kowa ya kalla sa'ad da ya samu caji.

Ma'aikacin banki, Kano: Da can Legas ake tura mu kwas, da alawus da otal. Yanzu saƙo ne kawai: kammala kwas ta intanet kafin Juma'a. Wasu danna "gaba" suke yi har takardar shaida ta fito. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, sai ranar da aka tambaye ni dokar da ke cikin darasin a gaban oga.

Mai buɗe zance: Na gode. Ƙanwata ta Zariya, data ta nawa ke isar ki a wata? Kuma ranar jarrabawa, ma'aikatan ajinku hutu suke ɗauka ko yaya?