Shawarwari a zaure: ƙara kaurin sitabilaiza da canza bushin a babbar mota

Mai mota, Asawase:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da DAF CF mai aksul uku wadda ke ɗauko masara da albasa daga Bolgatanga zuwa Kumasi, kuma tun ƙarshen damina direbana yake kawo kuka cewa motar tana kwantawa gefe ɗaya a kan kwana fiye da yadda ta saba, idan kuma ya kauce wa rami sai bayanta ya yi lilo sau biyu ko uku kafin ta daidaita. Na hau ta da kaina daga Offinso zuwa Techiman, na kuma ji ƙwanƙwasa a ƙasan gaba duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. An ba ni shawara in cire sandar sitabilaiza ta gaba, wato sandar ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana, in sa wadda ta fi ta kauri, in kuma mayar da dukan bushin, wato robobin da ke zaune a mahaɗar ƙarafa, irin masu taurin nan na foliyuretan. Kafin in kashe kuɗi ina son in ji ta bakin waɗanda suka riga ni sanin ƙarfe.

Fita (makanikin mota), Magazin na Suame, unguwar garejoji a Kumasi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku dakata da sayen sanda tukuna. Motar da ta yi shekaru tana tafiya lafiya da sandarta ta asali, sannan ta fara kwanciya rana tsaka, ba sandar ce ta sirance ba, abin da ke riƙe da ita ne ya ci. Ita sitabilaiza ba ta ɗaukar kaya ko kaɗan, wannan aikin sifirin ne. Idan tayoyin hagu da dama suka hau tudu tare, sandar ba ta yin komai; sai gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tashi, kamar yadda ke faruwa a kwana, sannan take murɗewa ta ja motar ta miƙe. To, idan robar bushin ta cinye har ƙarfe yana wasa a cikin gidansa, motar za ta riga ta kwanta kafin sandar ta fara kamawa, kuma wasan nan shi ne ƙwanƙwasar da kuka ji.

Ku kawo ta kan rami, a datse tayoyi da katako, a sa liba a taɓa kowane bushin ɗaya bayan ɗaya: na sitabilaiza da na 'yan sandunan da ke haɗa ta da shasi, na idon sifirin, sannan a koma baya a duba na sandunan da ke riƙe aksul biyun, musamman mai siffar V ɗin nan da ke samansu. Lilon da direbanku yake ji a baya, sau da yawa daga nan yake fitowa, ko kuma daga shok da ya zubar da mai. Kada kuma a manta da kan motar, domin shi ma yana zaune ne a kan nasa bushin da nasa shok, kuma na sha ganin direba yana rantsuwa cewa mota tana kwanciya alhali kan ne kaɗai yake rawa a saman shasi.

Tsohon direba, Aboabo:
Masta ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da nake so Alhaji ya ji daga bakin wanda ya tsufa a bayan sitiyari. Na daɗe ina ɗauko gawayi daga yankin Kintampo, kuma kowa ya san yadda ake gina buhunan nan sama har su wuce bodi. Akwai shekarar da maigidana ya sa aka ɗaura wa motar sanda mai kauri, na ji daɗinta ƙwarai a makon farko domin ta daina sunkuyawa, sai na fara shiga kwana da gudun da a da ba zan yarda in shiga da shi ba. Wata rana da asuba yaron motata ya leƙa ta madubi ya yi salati, ya ce tayoyin baya na gefen ciki sun bar kwalta. Ni ban ji komai a jikina ba sai da suka dawo suka buga ƙasa. Allah ne ya tsare mu.

Kwanciyar da mota take yi a kwana gargaɗi ce ga direba. Sanda mai kauri tana rage gargaɗin, amma ba ta sauko da nauyin da ke can sama ba, ba ta kuma ƙara faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama ba, kuma waɗannan biyun su ne suka fi yanke hukuncin ko mota za ta kife. Saboda haka, ɗana, ka tambayi direbanka sahu nawa na albasa yake ɗorawa a saman bodi, ka kuma tabbatar masara mai nauyi tana ƙasa.

Malamin koyar da kanikanci, Tafo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izinin ƙara lissafi a kan maganarku, domin mutane suna raina bambancin milimita biyar. Taurin sandar ƙarfe wajen murɗewa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Sai an ninka kaurin da kansa har sau huɗu. Idan aka cire sanda mai milimita 40 aka sa mai 45, taurin ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari, idan kuma aka sa mai 50, ya ninka na farko kusan sau biyu da rabi. Duk wannan ƙarfin yana sauka ne a kan maɗaurin da masu ƙera motar suka auna wa sanda ta asali, kuma a hanyar da taya ɗaya ke faɗawa rami ɗayar tana kan tudu, maɗaurin ne zai fara tsagewa, wani lokaci har ya ja shasi.

Akwai kuma batun daidaito tsakanin gaba da baya. Idan gaba ya yi tauri fiye da kima, mota takan ƙi bin sitiyari a kwana ta nemi zarcewa. Idan baya ne ya fi tauri, shi ne zai nemi zamewa, kuma a kwalta mai ruwa wannan ya fi haɗari.

Mai tireloli, Ashaiman:
Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi, tare da girmamawa. Motocina suna ɗaukar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Kumasi, kuma na canza sanda a ɗaya daga cikinsu na ga amfani. Sai dai ban sa an ƙera mini ba. Kamfanin da ya yi motar yana da sanduna fiye da kala ɗaya ga shasi iri guda, gwargwadon aikin da aka nufe ta da shi, sai na nemi babbar tare da maɗaurinta da bushinta, aka ɗaure su a ramukan da shasin ya zo da su. Idan Alhaji ya gyara komai ya ga har yanzu bai gamsu ba, wannan ƙofar a buɗe take.

Fita, Magazin na Suame:
Wannan na yarda da shi, Alhaji, tunda ba a huda ba kuma ba a yi walda ba. Abin da ba zan yi wa kowa ba shi ne huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, ko kuma yi wa sandar da ta karye walda. Ƙarfen sifirin ne da aka gasa aka daidaita taurinsa, wuta tana taɓa shi ya lalace, kuma a bakin waldar zai sake karyewa.

Mai sayar da kayan gyara, Abosi Okai, Akra:
Bari in yi magana kan bushin, tunda shi ne abincina. Foliyuretan yana jure mai da gas ɗin da ke ɗiga daga inji fiye da roba, kuma a kan sandar sitabilaiza kanta ba ni da ja a kansa, muddin an shafa masa giris ɗinsa mai silikon, in ba haka ba zai dame ku da ƙara. Amma a idon sifirin da sandunan aksul na baya, shawarata roba mai manne da ƙarfe irin ta asali, domin an yi ta ne ta lanƙwasa ta shanye bugun hanya, kuma abin da bushin bai shanye ba ƙarfe ne zai sha shi. Lemförder da Febi sanannu ne a wannan fanni, sai dai ku zo da lambar shasi, ku kuma duba kwali da hatimi sosai, domin jabu ba ya ƙaranci a kasuwa. Sanda hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ba laifi idan ba ta lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta ci gurbin bushin ba, amma robar da ta tsufa a Turai ba za ta yi ƙuruciya a zafinmu ba. Wanda ake yankawa daga tsohuwar taya kuwa, a ajiye shi don fitar da mota daga daji zuwa gareji. A canza hagu da dama tare, kuma kada a shafa wa roba giris na yau da kullum, yana kumbura ta.

Mai mota, Asawase:
Na gode ƙwarai, iyayena. Mun kai ta kan rami jiya. Bushin biyu na sitabilaiza sun cinye har ƙarfe ya fara goge ƙarfe, na sandar V ya fashe, shok ɗaya na gaba kuma babu mai a cikinsa. Sandar kanta lafiyarta ƙalau, don haka na bar ta. Na kuma yi wa direba magana a rage sahu ɗaya na albasa, wanda dama zai sauƙaƙa mana a ma'aunin nauyi na Hukumar Manyan Hanyoyi ta Ghana. Masta, an cire sifirin na gaba don canza bushin idonsa; akwai abin da ya kamata in tsaya a kai gobe wajen mayarwa?

Fita, Magazin na Suame:
Abu biyu, Alhaji. Kada a ƙarasa ɗaure notin bushin na roba mota tana kan jak. A sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Na biyu, a sa sababbin yu-bolt, ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul, domin tsofaffin sun riga sun miƙe, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da ke littafin motar. Idan ta ɗauki kayan farko, direba ya tsaya a Techiman a sake bin su da sifanar kafin ya kama hanyar Kumasi.