Shawarwari kan gwajin maƙirgan furosesa a Linux

Maƙirgan furosesa su ne ke ƙirga abin da furosesa ke yi, kamar umarni da zagayen agogo. Game da gwada ko suna ƙirga daidai, masu aikin kanel (wato zuciyar tsarin Linux) sun fi yin ittifaƙi a kan abu ɗaya: fara da abin da ka riga ka san amsarsa. Rubuta ɗan shiri mai maimaita umarni sau miliyan ɗaya, ka ɗaure shi a ƙwayar furosesa guda, sannan ka duba da perf stat, manhajar Linux mai karanta maƙirgan, ko lissafin ya zo daidai. Adadin umarni ya fi tsayawa wuri ɗaya. Adadin zagayen agogo kuwa yakan sauya daga gwaji zuwa gwaji, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

Inda aka fi jan kunne shi ne yawan maƙirgan. Kaɗan ne, a Intel da dama huɗu kacal na gama-gari. Ka nemi abin da ya fi haka, kanel zai riƙa raba maƙirgan bi da bi tsakanin abubuwan da ka nemi a ƙirga, ya cike giɓin da ƙiyasi. Ga kuma mai gadin NMI, wato tsarin kanel mai gano idan furosesa ta maƙale, da ke riƙe maƙirgi guda ɗaya. Kashe shi kafin gwaji.

Wasu sun ce kwamfutar kwaikwayo (virtual machine, wadda manhaja ke kwaikwaya a cikin wata kwamfuta) ta wadatar don wannan gwaji. Ban yarda ba, domin sau da yawa ba ta nuna maƙirgan ko kaɗan.