Buganbiliyata sai ganye take yi, ba fure: ina matsalar take?

Maman Husna: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin shuka. Tsakar gidanmu a Kano siminti ne, don haka a tukwane nake shuka fulawa. Akwai buganbiliya guda biyu, irin mai furen nan kamar takarda, sun yi reshe sun yi ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Kullum safe da yamma ana ba su ruwa, ana kuma zuba musu takin zamani na yuriya. Suna gindin bishiyar mangwaro. Sannan wace fulawa ce za ta jure zafin bazara a tukunya?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Hajiya, gata ne ya yi musu yawa. Abu uku kika ambata, kuma ukun duk suna hana buganbiliya fure.

Na farko inuwa. Wannan shuka tana son rana ta doke ta kai tsaye aƙalla awa 6 a wuni. A gindin mangwaro sai dai ta yi ta miƙa reshe tana neman haske. A janye tukwanen zuwa inda rana ta fi daɗewa.

Na biyu yuriya. Aikinta gina ganye, shi ya sa kike ganin korensu ya yi kyau. A daina gaba ɗaya. In za a ba su takin zamani, a ba su NPK 15-15-15, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga tukunya mai girman bokiti, sau ɗaya a wata, a barbaɗa a gefen tukunya nesa da gindin, sannan a bi da ruwa.

Na uku, kuma shi ne babba, ruwa. Buganbiliya ba ta sakin fure sai ta ɗan ji ƙishi. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu; in da danshi, kada a zuba. A bari sai ƙasar ta bushe, ganyen ya fara ɗan langaɓewa, sannan a shayar da ita sosai har ruwa ya fito ta ƙasan tukunya. Da hunturu wannan yakan kai kwana 3 ko 4, da bazara kuwa kwana ɗaya ko biyu. A kuma datse kan dogayen rassan nan kamar taƙi guda, domin a sabon toho take yin fure. In aka bi haka, cikin mako 4 zuwa 8 za a fara ganin launi, in sha Allahu.

Inna Talatu: Malam ya gama magana a kan buganbiliya, sai dai a duba ƙasar da ke cikin tukunyar. Yawancin fulawar da ke mutuwa a gidaje saiwarta ce ke ruɓewa, don an cika tukunya da jar ƙasa zalla, ta daskare kamar bulo, ko kuma tukunyar ba huda. A haɗa kashi 2 na ƙasar gona, kashi 1 na rairayi mai tsakuwa, kashi 1 na busasshen takin awaki ko na shanu da ya daɗe ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kada a kusantar da shi. A huda ƙasan tukunya wuri 4 ko 5, a shimfiɗa gutsattsarin gawayi kafin a zuba ƙasa.

Da bazara siminti yana ɗaukar zafi har ya gasa saiwa ta ƙasa. A ɗora tukwanen a kan bulo biyu iska ta riƙa ratsawa. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba sanyi nesa ba kusa ba. Kuma ruwan wanki mai omo ko bilic ba na fulawa ba ne.

Abu Sadik: Game da tambaya ta biyu, Hajiya, ki fara da kariya. Tamu ce ta nan arewa, a daji ma tana fitowa a wurare masu duwatsu, gindinta mai kauri yana adana ruwa, furenta ja-ja mai ruwan hoda yana fitowa da rani lokacin da sauran suka yi laushi. Ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta, da damina kuma a matsar da ita inda ruwan sama ba zai taru a tukunyar ba. Amma a kula sosai: ruwan da ke fita daga jikinta dafi ne. A ajiye ta inda yara da awaki ba za su kai ba, a wanke hannu bayan an yanke ta.

Sai fotulaka, 'yar ƙaramar nan mai ganye kamar tsinke da ke buɗe fure da hantsi ta rufe da yamma. Karyo reshe a soka a ƙasa kawai, cikin mako guda ta kama, kuma tana zuwa da ja, rawaya, fari da ruwan goro. Ziniya da marigol daga iri ake shuka su. Suna tsirowa cikin mako guda, su yi fure bayan kamar wata biyu. Su an fi shuka su a farkon damina ko a watan Oktoba, don ƙananan tsiro ba sa jure zafin Afrilu. A riƙa tsinke furen da ya bushe, shi ke sa wani ya fito.

Maman Husna: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a ƙarƙashin ganye, su fa?

Inna Talatu: Tsotson ruwan shuka suke yi, 'yar'uwa, kuma tururuwa ce ke yawo da su daga tukunya zuwa tukunya. A daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya busassu, kamar giram 50 ga litar ruwa ɗaya, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki. A fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, musamman ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan kwana 7 har sau uku. Reshen da suka cika kuwa a yanke shi a ƙona.